Nomau Magini da Rafin da Ya Nufi Maƙabarta

A gabas da Birnin Zangaru akwai wata tsohuwar maƙabarta wadda ta girme wa ganuwar garin. A tsakiyarta akwai wata kuka mai kogo, kuma tun kaka da kakanni ana cewa duk wanda ya kara kunnensa a jikinta da rana tsaka zai ji hayaniyar kasuwa tana ci a ƙarƙashin ƙasa. Mutane ba su cika gwadawa ba. Mutum guda aka sani ya shiga kogon nan ya fito da ƙafarsa, wani magini ne mai suna Nomau.

Gidan Nomau yana bayan gari, shi kaɗai a wata gangara da ta taso daga gefen maƙabartar ta sauka fadama, gonarsa tana kewaye da shi. A farkon bazarar shekarar da abin ya faru, annobar amai da gudawa ta shigo gari ta ɗauke matarsa Hakama. Ba a gama zaman makoki ba ta dawo ta ɗauke 'yarsu Azumi, wadda ba ta daɗe da yin wayo ba. Nomau ya bi makara sau biyu, ya zuba ƙasa da hannunsa, idonsa a bushe. Mutane suka yi ta yaba tawakkalinsa. Shi kuwa ya san ba tawakkali ba ne, babu komai ne kawai a cikinsa. In aka ce ya zauna sai ya zauna, in aka ce ya tashi sai ya tashi.

Yayarsa Lantana, wadda ke aure a cikin gari, ita ke kawo masa abinci. Kullum sai ta ce, "Nomau, ka dawo wurinmu mana. Zaman me kake yi kai kaɗai a nan?"

Sai ya ce, "To, Yaya." Gobe kuma ta same shi inda ta bar shi.

Da damina ta kankama, sai Rafin Kurmau ya sauya hali. Shi wannan rafi daga duwatsun arewa yake gangarowa, in ya kusa maƙabarta sai ya karya kwana ya zagaye ta. A wannan shekara ya ƙi karya kwanar. Ya tunkari katangar arewa ya kayar da ita, ya yanka kwazazzabo, ya shiga cin tsofaffin kaburbura. Bayan kowane ruwa sai dattawa su bi bakin kwazazzabon suna tsintar ƙasusuwa, su naɗe a farin ƙyalle su sake binnewa.

Mai Unguwa Barmo ya zo har gida ya same shi. Ya ce, "Malam Nomau, na san halin da kake ciki, amma ba mu da magini kamarka. Ka tayar mana da katangar nan. Ruwa ya kusa sababbin kushewa, ka kuwa san su wa ke kwance a wurin."

Nomau ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Zan je."

Ya kwaɓa ƙasa, ya buga tubali, ya jera dutse a gindi, ya tayar da katanga. Ruwa ya zo ya kwashe. Ya sake tayarwa, ruwa ya sake kwashewa. Masu taya shi suka gaji suka watse, shi bai gaji ba, bai kuma ji haushi ba. In ya tarar ta faɗi, sai ya tuɓe riga ya fara daga farko.

Wata rana da tsakar rana yana cikin taka ƙasa, sai ya ga inuwa ta rufe shi. Ya ɗaga kai ya ga wani dogon tsoho, tsayinsa ya kai rassan tsamiya, gemunsa kamar saiwar gamji, ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba. Nomau ya dube shi, ya yi masa sallama, ya ci gaba da taka ƙasarsa.

Tsohon ya amsa sallamar, ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ba ka ga abin da ke gabanka ba ne?"

Nomau ya ce, "Na gani, Baba."

"To, me ya hana ka gudu?"

"Ban ji ina son gudu ba."

Tsohon ya sunkuyo har fuskarsa ta zo daidai da ta Nomau. Ya ce, "Sunana Kamtaru, ni ne Sarkin Saiwa, shugaban aljanun da ke zaune a ƙarƙashin wannan wuri. Na bayyana ga maza da yawa a daminar nan, wasu suka suma, wasu suka bar takalmansu. Ka daina wahalar da kanka da tubali. Ko da ƙarfe ka gina katangar nan sai ta faɗi, domin Magajiyar Ruwa, mai mulkin rafin nan, ita ce ta janye alkawarinta. Asalin hanyar rafin nan ta tsakiyar maƙabarta take. Kakanninku ne suka je gabanta suka roƙa ta kauce wa matattunsu. Ɗan Adam ya ƙulla maganar, ɗan Adam kaɗai zai iya gyara ta. In ruwan gaba ya sauka ba a je gabanta ba, zai kwashe matattunku, ya kuma rufta mana gari, domin ƙasar da kuke binnewa a ciki ita ce rufinmu. Za ka je?"

Nomau ya dubi jerin sababbin kushewa, ya dubi bakin kwazazzabon. Tazarar ba ta fi tsawon tabarma 'yan kaɗan ba. Ya wanke ƙafafunsa, ya sa rigarsa, ya rataya jakar makubarsa, wato garin kwasfar ɗorawa da magina ke shafe bango da shi don kada ruwa ya ci. Ya ce, "Mu je."

Suka shiga kogon kuka. Kamtaru ya ranƙwashi ƙasa, sai ga matakala ta buɗe, suka yi ta gangarawa har hasken rana ya zama kamar ƙwayar gero a bayansu. Can sai suka faɗo wani gari mai faɗi, ba dare ba rana, haskensa kamar na bayan ruwan sama. Sararin samansa ƙasa ce ja, saiwoyin itatuwa sun sauko daga cikinta kamar ginshiƙai, aljanu sun gina ɗakuna a jikinsu. Wasu na tsefe saiwoyin, wasu na shafa musu ruwa, wasu na tallafe da ƙasa da kafaɗunsu a inda ta fara tsagewa.

Kamtaru ya riƙa nuna masa sama da sandarsa. "Saiwar tsamiyar can, a ƙarƙashin inuwarta fatake suke kwance, waɗanda suka taho da gishiri daga arewa ajali ya riske su a nan. Ba su da dangi a garinku, amma an yi musu sutura. Kurnar can ta marina ce, har cikin likkafani hannuwansu shuɗi ne. Wancan gawon, wata unguwarzoma ce a gindinsa, rabin kakannin garinku a hannunta suka faɗo duniya. Kusa da ita malamin da ya haƙa rijiyar masallacinku ta farko. A da mutanenku kan shigo da hantsin Juma'a su yi musu addu'a, su share ciyawa, su zauna a inuwa suna sauraren kurciyoyi, tsofaffi suna faɗa wa matasa wane ne a ina. Mukan ji takunsu a kan rufinmu mu ji daɗi. Yanzu sai dai masu makara, su ma sauri suke yi."

Nomau ya ce, "Matata da 'yata fa, kun san halin da suke ciki?"

Kamtaru ya ce, "Mu ƙasa muke riƙewa. Abin da ke tsakanin mamaci da Ubangijinsa, ba a ba mu saninsa ba."

Nomau ya gyaɗa kai, suka wuce.

A ƙarshen gari ruwa yana ɗiga daga sama, ɗakuna sun rushe, aljanu sun kwashe kayansu sun tsaya cirko-cirko. Nan Kamtaru ya tsaya. Ya ce, "Iyakata ke nan. Ka miƙe ta cikin kasuwar can. Kada ka saya, kada ka taya, kada ka amsa kira. Bayanta akwai kogi, bayan kogi akwai fada."

Kasuwar nan ba hatsi ake sayarwa a cikinta ba, ba tufa ba. Muryoyi ake sayarwa. Kowane ɗan kasuwa yana zaune da jerin tuluna a rufe, in ya ɗaga murfi sai murya ta fito. Wani tulun dariyar amarya ce a ciki, wani kiran sallar ladanin da ya daɗe da rasuwa, wani waƙar niƙa. Duk abin da aka taɓa furtawa a bisa ƙasa ya nutse, su suke tsince shi. Nomau ya ga wasu 'yan Adam a zaune gaban tuluna, gashinsu ya yi fari ya sauko har ƙasa, kowa ya kafa kunne a bakin tulunsa, ba ya ko motsi.

Wata 'yar kasuwa mai ido ɗaya a tsakiyar goshi ta tare shi. Ta ce, "Maraba da baƙo. Ina da hajarka, ɗan Adam. Saurare kyauta ne."

Ta ɗaga murfi. Sai muryar Hakama ta fito sarai, kamar tana bayan ƙyaure: "Malam, ruwan wankan yana hucewa fa." Ta ɗaga wani ɗan ƙarami, sai ga Azumi tana cewa, "Baba, ɗaga ni in gani."

Nomau ya tsaya. Ya jira ya ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Shiru. Ya ga dai hannuwansa sun ɗan miƙa gaba da kansu, kamar mai shirin ɗaukar yaro, sai ya mayar da su.

'Yar kasuwar ta ce, "Ka zauna kawai. Kuɗinsa zama ne. Muddin kana zaune, za su yi ta yi maka magana."

Nomau ya ɗauke kai. Ya kewaye ta ya wuce, muryoyin suna bin sa har suka dushe.

Ya iso bakin kogi. Ruwansa baƙi ne, ba a hango ɗaya gaɓar. Babu jirgi, sai wani kada da bayansa ya kai faɗin zaure, gansakuka ta tsiro masa a ka. Kadan ya buɗe ido ya ce, "Ni ne mai fito. Ladana tsoro ne. Ina ɗaukar mutum, in mun kai tsakiya in sha tsoronsa in ƙoshi, sannan in sauke shi. Hau."

Nomau ya hau, ya ɗaure jakarsa a ka. Da suka kai tsakiya sai kadan ya nutse da shi. Ruwa ya rufe shi, sanyinsa kamar ana soka masa allurai, wasu abubuwa masu dogayen yatsu suna shafar ƙafafunsa. Ya riƙe ƙayar bayan kadan gam. Kadan ya taso, ya shinshina, ya sake nutsewa, wannan karon har sai da Nomau ya ga duhu ya fara cin idonsa. Suka taso yana tari, jini na fita ta hancinsa.

Kadan ya ce, "Ban sami ko ɗigo ba. Kai, matacce ne kai ko rayayye?"

Nomau ya ce, "Ana dai lissafa ni cikin rayayyu."

"Tun da nake fito ban taɓa ɗaukar kaya marar amfani irinka ba. In ban sami ladana ba, a nan zan juye ka."

Nomau ya ce, "Ba ni da abin da kake nema. In za ka juye ni, ka juye. Sai dai akwai mutane a kwance a can sama, ruwa zai tone su, su kuma ba su da bakin roƙo."

Kadan ya yi ta shawagi da shi yana gurnani. Daga ƙarshe ya ce, "Naman da babu tsoro a cikinsa ko kifayena ba sa ci." Ya kai shi gaɓa ya watsar a kan yashi, ya koma da yunwarsa.

Fadar Magajiyar Ruwa da yashi aka gina ta, katangarta ta yi tsawo har ba a ganin ƙarshenta. A bakin ƙofa wani bafade ne zaune, jikinsa na mutum, kansa na balbela. Gefen ƙofar ya zube, yana ta tara yashi da fukafukansa yana mayarwa, yashin yana sake zubowa.

Bafaden ya ce, "Ba a shiga gaban Magajiya ta ƙofar da ta rushe. Tun da ta fusata ƙofar nan ta zube, aka ce ni zan gyara. In ka tayar da ita ka shiga. In ka taɓa ta ƙara zubewa, da kai zan cike gurbin."

Nomau ya duba yashin, ya murza shi a tafin hannu. Ya koma bakin kogi ya kwaso laka a rigarsa, ya kwance jakarsa ya jiƙa makuba, ya haɗa su da yashin ya taka har suka kama juna. Ya fara ɗorawa daga gindi, in ya ɗora sahu sai ya jira ya sha iska. Bai san iya lokacin da ya ɗauka ba, ya dai ga fatar yatsunsa ta tsage. Ƙofa ta tsaya. Bafaden ya zagaya ta, ya caccake ta da baki, ba ta zube ba. Ya matsa gefe ya ce, "Shiga, kada ka ɗaga kai sai an ce ka ɗaga."

A ciki ruwa ne ke gudu ta ko'ina, a bango, a rufi, ba ya zubowa. Nomau ya durƙusa. Wata murya mai kama da saukar ruwa a kan rufin kwano daga nesa ta ce, "Ɗago, ɗan Adam."

Ya ɗago ya ga wata mace zaune a kan dutse, gashinta ruwa ne yana kwarara ta kafaɗunta ya bi ƙasa ya fita ta ƙofofi. Fuskarta ba ta tsufa ba ce, ba kuma ta yarinta ba ce.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, sunana Nomau, magini ne ni daga Zangaru. Na zo roƙo a kan maƙabartarmu."

Magajiya ta ce, "Na san abin da ya kawo ka. Kakanninku sun durƙusa inda kake, suka ce in bar musu hanyata su binne matattunsu a tudu, suka yanka mini wata hanya ta gabas, suka ce tawa ce har abada. Na karɓa. Na bi ta zamani bayan zamani ban taɓa ko tukunya ɗaya ta kan kabari ba. Yanzu je ka ga hanyar. Kun cike ta da shara, kun kafa gidaje a cikinta, kun mayar da ita unguwa. In na taho da ruwan duwatsu, ina kuke so in zuba shi? Ni ba a hana ni tafiya. Ko dai in koma hanyata ta asali ta cikin matattu, ko in bi wadda aka ba ni ta cikin rayayyu. Zaɓi ɗaya, ka koma ka faɗa musu kai ka zaɓa."

Nomau ya gane wurin da take nufi. Ya san unguwar. Ya gina ɗakuna da yawa a cikinta, ya san gidajen da ke da jarirai da waɗanda ke da tsofaffin da ba sa iya tashi.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, akwai hanya ta uku. Yamma da maƙabarta akwai gangara da ta sauka har fadama. Gona ɗaya ce a kanta da gida ɗaya, duka nawa ne. Babu kowa a ciki. Na ba ki."

Magajiya ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Gangarar ta ishe ni. Amma labarinka ya riga ka isowa. An buɗe maka muryar matarka ka wuce, mai fitona ya nemi tsoro a jikinka ya rasa. Ni ba na karɓar abin da mai shi ya riga ya yar. Kakanninku gonakinsu mafi albarka suka yanka mini, suna yi suna kuka. Kai me gidan nan yake a wurinka?"

Nomau ya ce, "Ban sani ba, ranki ya daɗe."

"To, za mu sani yanzu."

Ta sa aka kawo ƙwarya cike da ruwa aka ajiye a gabansa. Ya leƙa, sai ga gidansa a ciki, kamar yana tsaye a ƙofarsa.

Ta ce, "Ka bi shi ɗaki-ɗaki, ka ambaci kowane abu da bakinka, ka ce na ba ki. Abin da ka ambata zan ɗauka. In ka gama ban ji nauyin komai ba, ka tashi ka koma yadda ka zo."

Nomau ya fara, muryarsa kamar mai karanta wa wani saƙo. "Zaure, na ba ki." Ruwan ƙwaryar ya motsa, zaure ya narke. "Rumbu da abin da ke ciki, na ba ki. Turken akuya, na ba ki. Bishiyar zogale, na ba ki. Murhun Hakama da tukwanenta, na ba ki. Igiyar shanya, na ba ki." Duk abin da ya ambata sai ya narke, Magajiya kuwa ba ta ko motsa ba. "Ɗakina, na ba ki. Ɗakinta, da gadon, da jeren kwanoninta, na ba ki."

Saura daɓen ƙofar ɗakin. Nomau ya buɗe baki, sai ya ga abin da ke jikin daɓen. Shekarar da ya yi shi, ƙasa ba ta gama bushewa ba Azumi ta kufce daga hannun uwarta, lokacin tana koyon tafiya, ta bi ta kai. Sawunta ya fito, ƙanana, ɗaya ya karkace inda ta kusa faɗuwa. Hakama ta ɗauko madaɓi za ta shafe, shi ya ce ta bari.

Ya ce, "Daɓen..." Maganar ta tsaya. Ya sake gwadawa, ba ta fito ba. Bai yi kuka ba, bai ji zafi ba. Muƙamuƙinsa ne kawai ya ƙi motsi, kamar an ɗaure shi da igiya. Ya zauna a haka, yana kallon sawun, ruwan fadar duk ya tsaya cik yana jira.

Magajiya ta ce a hankali, "Wannan fa?"

Da ƙyar, kamar mai ɗaga dutse, ya ce, "Na ba ki."

Sawun ya narke. Ƙwaryar ta yi nauyi har ta nutse cikin ƙasa.

Magajiya ta ce, "Na karɓa. Daga ruwan gaba ta gangararka zan bi, ba zan ƙara taɓa matattunku ba muddin an bar mini ita a buɗe. Ka faɗa wa mutanenka kada a kafa ko turke a cikinta. Abin da ka ambata ya zama nawa, kada ka koma ka ɗauki ko tsinke. Tafi."

Ta watsa masa ruwa a fuska. Ya buɗe ido ya gan shi a gindin kuka, rigarsa duk laka, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga arewa.

Ya miƙe bai bi ta gida ba, ya shiga gari wurin Mai Unguwa Barmo. Ashe an kwana biyu ana nemansa, har an leƙa rijiyoyi. Ya faɗa masa abin da ya gani ba ƙari ba ragi. Mai Unguwa ya dubi tsagaggun yatsunsa, ya dubi idonsa, ya ce, "Malam Nomau, ban ce ka yi ƙarya ba, ban kuma ce na gane ba. Bari mu ga ruwan."

Da la'asar ruwa ya sauka. Mutane suka fito da buhuna a ka suka tsaya kan tudun maƙabarta. Rafin Kurmau ya taho ja wur yana tafe da itatuwa, ya doshi bakin kwazazzabon kamar kullum. Saura ƙiris ya isa, sai ya karkata yamma kamar dokin da aka ja wa linzami, ya faɗa gonar Nomau, ya kwantar da dawa, ya shiga ta zaure. Katanga ta zauna, rumbu ya kife, rufin ɗaki ya ɗaga ya juya sau ɗaya ya tafi. Kafin ruwa ya tsagaita, babu abin da ya rage a gangarar sai rafi yana gudu zuwa fadama.

Lantana tana gefensa tana kuka. Ta ce, "Ko zanen Hakama ɗaya ba ka ɗauko ba, Nomau? Ko ɗan kwanon yarinyar?"

Ya ce, "Na riga na bayar, Yaya."

Bayan damina Mai Unguwa ya tara jama'a aka yi gayya. Aka cike kwazazzabon, Nomau ya tayar da katanga ta tsaya, aka dasa tsamiya da kurna a inda ruwa ya ci. Aka hana gini a gangarar. Nomau ya yi ɗaki ɗaya a bakin ƙofar maƙabarta ya tare. Da hantsin Juma'a mutane suka fara shigowa, da fari 'yan kaɗan, daga baya da yawa. Sukan yi addu'a, su cire ciyawa, su gyara tukwanen da suka karkace, sannan su zauna a inuwa. Nomau yakan bi da su sannu a hankali, ya nuna musu inda fatake suke, da marina, da unguwarzoma a gindin gawo. Wasu a nan suka fara jin sunan sana'ar kakanninsu. In an tambaye shi wa ya faɗa masa, sai ya ce wani dattijo ne maƙwabcin wurin.

Wata ranar Juma'a bayan mutane sun watse, Lantana ta same shi a ƙofar ɗakinsa yana gyara bakin fartanya. Ta zauna kusa da shi. Daga inda suke ana hango rafin yana bin inda gidan yake a da.

Ta ce, "Ƙanena, in tambaye ka mana. Ka yi da-na-sani?"

Nomau ya ajiye fartanyar, ya dubi ruwan. Ya yi tunani sosai, domin ba ya son ya faɗa mata abin da ba shi ne ba.

Ya ce, "Ban sani ba tukuna, Yaya. Ranar da na sani, ke zan fara faɗa wa."

Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta, ba ta tashi ba. Suka ci gaba da zama har aka kira salla.

Iyakar abin da mutanen Zangaru suka riƙe na labarin Nomau magini ke nan.